Jijiyar Ba Ta Tsuke Ba, Dokta Bilyaminu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, labari ya iso mana Tambuwal cewa Dokta Bilyaminu Na'iya na Kebbe, likitan dabbobi kuma malamin jami'a, ya rasu. Mu nan gida lafiya lau, sai maigida da ƙafa ke damu, sai ni da barci ya ƙaurace wa saboda 'yata Rumasa'u, ɗalibar marigayin.

Dokta, ta kan ragon layya muka san ka. Na sayo ƙwaya a kasuwa na ba shi don ya yi ƙiba, yadda matan unguwarmu ke yi. Kunnuwansa suka yi sanyi, dasashi ya yi fari fat. Ka zo a babur ka ce, "Hajiya, mi kib ba shi?" Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce wasu magunguna kan sa jiki ya saki sinadarin serotonin, shi kuma ya tsuke jijiyoyin jini kamar an ja zariyar wando. Ragon ya tashi. Rumasa'u na tsaye tana ji, abin da ya kai ta karatun likitan dabbobi ke nan. Ni kuwa ka matsa mini sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci, don in riƙa karanta kwalin magani.

Da lokacin binciken Rumasa'u na ƙarshe ya zo, ni ka ɗora wa zuwa wurin mahauta sayo mata jijiyoyin jini na gwaji. Suna ta tsokanata, "Kowa tsoka yake saye, ke jijiya!" In zuba a fulas ɗin ƙanƙara in ba direban Sakkwato ya kai mata jami'a. Ka ce mata in aka tare serotonin, maganin da take gwadawa ba zai tsuke jijiyar ba. Gwaji ya yi ta lalacewa, kana cewa a sake. Da ka rasu ta ce ta bar karatun. Hankalina ya tashi, amma ban fasa aika fulas ba.

Ashe ta koma kan gwajin. Jiya ta kira ni tana ihu, "Inna, ba ta tsuke ba! Wallahi yadda Dokta ya ce!" Na rangaɗa guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Ta gama, Dokta, 'yarka ta gama! Sai na tuna wanda ya kamata ya fara ji, na zauna na yi kuka.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Uwargidansa Hajiya Ni'imatu da yara da mutanen Kebbe, Allah ya ba ku haƙuri. Hajiya Ni'imatu, Rumasa'u na son ta sadaukar da aikin da sunansa, amma ba za ta rubuta ba sai da izininki. Alhamis za ta miƙa aikin. Don Allah a aiko mana amsa kafin Laraba.

Halimatussa'adiya Maccido, Tambuwal