Keken da Bai San Rijiya Ba

Mu shida ne a ranar. Akwai maigidana, da ƙanena autan ɗakinmu wanda na goya tun rasuwar innarmu, da dillalin dabbobi abokin maigida, da maƙerin da muke katanga ɗaya da shi, da mai keken, wani tsohon gardi, dogarin Nasara, da ya aje aiki zai koma Maraɗi. Ta shida ni ce, ina bayan zana ina sussukar gero. Ba a kira ni ba, amma zanar tana da ɓula.

Zamanin Nasara ne, ba a daɗe da kafa bariki a Dakoro ba. Auta yana sayen fatu, yana bin kasuwannin Korahane da Rumbu bisa jaki, sai ya ƙwallafa rai ga keke. Cikin mutanen da suka taru su duba mashi, in ka cire gardin, babu wanda ya taɓa hawa.

Saboda haka suka duba shi yadda suka iya duba dabba. Dillali ya matsa tayoyi kamar yana taɓa gadon bayan rago, ya ce akwai ƙiba. Ya durƙusa ya bi haƙoran da sarƙa ke hawa ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai tsufa ba, ko ɗaya bai faɗi ba. Maigidana ya bubbuga sirdi. Maƙeri ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya kasa kunne. Aka ce gardi ya zagaya da shi su ga ko yana ɗingishi. Ya je ya dawo sau uku, yana kaɗa ƙararrawa.

Su tafiyar suke kallo, ni ƙafafun gardin. Duk sanda zai tsaya sai ya sauke su ƙasa ya ja, har ƙura ta tashi. Da ya zauna ya miƙe ƙafa, na ga dugadugan takalman nan sun cinye kamar an kankare da wuƙa.

Na kira Auta ciki.

"Ka tambaye shi da me abin nan yake tsayawa."

"Haba Yaya, in na daina tuƙi ai ya tsaya. Ke da ko jaki sai an riƙe maki?"

"Jaki yana da ido. Wannan ina nashi?"

Ya yi dariya ya fita. Na ji ya maimaita masu, dillali ya ɗaga murya don in ji: "Uwargida, a bar mu da ƙarfe, a ji da gero!" Gardi dai bai yi dariya ba. Aka sallama, aka shafa fatiha.

Na daɗe ina tunanin abin da ya hana maza huɗu masu hankali yin tambayar nan. Duk abin da muka taɓa hawa, shi yake tsai da kansa. Raƙumi ba ya faɗawa rami don mai shi ya yi gyangyaɗi. Mun saba rabin hankalin tafiya yana wurin dabba, ba mu taɓa sayen abin da zai bar mana shi duka ba. Ni ma da laifina. Na gani, amma na tsaya bayan zana don mace ba ta shiga cinikin maza.

Garinmu rairayi ne, keke ba ya gudu a ciki, shi ya sa kwana biyu Auta yana koyo bai gane komai ba, yashi ne ke tsai da shi. Rana ta uku da hantsi ya bi gangaren rijiya, inda kofaton shanu ya daɓe ƙasa ta yi tauri. Ina can da tuluna. Na ga ya taho rigarsa na tashi, ya daina tuƙi, keken bai daina ba. Ya ja ƙahonin keken da yake riƙe da su baya kamar akala, yana yi mashi tsawa. Rijiyar nan gaba ashirin ce ko fiye, bakinta itace ne kawai a kwance. Saura taku kaɗan ya karkata ya faɗa kan komin shayar da shanu. Hannun dama ya karye, leɓe ya fashe.

Da maɗori ya gama, Auta ya dube ni yana jiran faɗa. Ban yi ba.

Washegari da sassafe na tura keken da kaina zuwa maƙera, mata na leƙe. Maƙeri ya juya shi, sai ga wasu ƙarafa biyu da ke kama taya in an matsa wani hannu, robarsu ta cinye ƙaf. Ya ce shi ne birki, ya sunkuyar da kai. Ya yanko roba daga tsohon takalmin taya ya ɗaura. Na tura keken gangaren rijiya a ƙasa ina matsawa, har na ji ya kafe sau uku. Sannan na sa maƙeri ya cire sarƙar, na kai ɗakina na sa cikin tukunya na rufe. Na ce wa Auta in hannu ya warke zai fara da koyon tsayawa a gabana, tafiya ta biyo baya.