Fentin da Ya Ƙi Zama a Bangon Kaka

Ɗakin Kaka, mahaifiyar babanmu, ya fi kowane ɗaki baƙi a unguwarmu da ke gindin dutsen Kagoro. Wuta ba ta mutuwa a cikinsa. Rani da damina murhu na ci a kusurwa, hayaƙi ya bi bango ya zauna har yana ƙyalli kamar gindin tukunya. Duk Kirsimeti sai ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe bangon da tsumma, kafin Ista ya koma gidan jiya.

Da mun gama tuwon acca da yamma, ni da yayana Bulus sai mu ruga can, don mun san ta binne gwaza a toka. Amma ba ka ganin gwaza sai ka ji tatsuniya.

"Gwaza na nan tafe," in ji ta. "Wanda ya yi surutu, ba nashi."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta ƙadangare. Wai ya ga 'yar kurciya ya ce yana so, iyayenta suka aiko cewa za su zo su ga inda 'yarsu za ta zauna. Ƙadangare ya dubi bangonsa baƙi ƙirin, kunya ta kama shi. Bai kankare ba, bai wanke ba, ya ɗebo farar ƙasa ya lafta mai kauri. Baƙi suka iso, aka kawo tuwo. Uban yarinya na jingina, sai wani ɓawo ya ɓalle ya faɗa cikin miya. Na biyu ya sauka a kan uwar. Suka karkaɗe fukafukai suka tashi da 'yarsu.

"Shi ya sa har yau kuna ganin shi a bango," in ji Kaka tana gyaɗa kai, "yana duba sama, yana duba ƙasa, yana neman inda ya yi kuskure."

Bulus ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni haushi nake ji. Na ce, "Kaka, me ya hana shi kankarewa?"

"Je ki tambaye shi mana, Saratu. Yana bayan ɗaki."

Shekaru suka ja, Kaka ta rasu, aka kulle ɗakin. Bara sai Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, aka kwantar da shi a asibiti a Kafanchan. Ɗakinsa na da matakala, na Kaka ne kaɗai daidai da ƙasa. Bulus, wanda yanzu a Kaduna yake aiki, ya leƙa ciki ya toshe hanci.

"Ba zan sa Baba a ramin gawayi ba," in ji shi. "In ba a gyara ba kafin a sallame shi, Kaduna zan wuce da shi."

Na san Baba. A kai shi bene inda ba coci nasa, ba abokan hira, ba gonar citta da zai hango ta taga, ba zai daɗe ba.

Mai fentin da na kira ya yi ta ce mini gobe, gobe, don lokacin Kirsimeti kowa nemansa yake. Na gaji, na shiga kasuwar Kafanchan na sayo bokitin fenti ruwan madara da rola da burushi. Mai shagon ya ce, "Anti, ki ƙara ruwa kaɗan kawai, ko yaro zai iya." Allah ya yafe masa, ni dai har yanzu ina ƙoƙari.

Shafar farko ta yi kyau, har na fara waƙar sujada. Da na dawo da rolar, sai ta taho da farar ƙasar Kaka manne a jikinta. Na sake bi, ta sake kwasowa. Inda fentin ya daure ya zauna kuma, da safe na tarar hayaƙi ya huda shi ya fito, bango ya koma kalar shayi. Na ƙara shafa ta biyu, abin ya ƙara lalacewa. Fenti a gashina, fenti a idona, kafaɗa kamar ba tawa ba. Na yi jifa da rolar, na zauna a bakin ƙofa na yi kuka don takaici. Mace da hankalina, na sha jin labarin nan tun ina 'yar mitsitsiya, amma ga ni na yi aikin ƙadangare.

Na ɗauko tsohuwar fartanya na fara kankara. Bango ɗaya kacal na gama, na kai shi ga baƙinsa na asali, sai na ji hon ɗin mota, ashe an sallami Baba. Sauran bangon duk dabbare-dabbare.

Bulus ya tsaya a ƙofa. "Saratu, wannan ne gyaran?"

Na miƙe da fartanya a hannu, na shirya masa. Amma Baba, da ke rataye a kafaɗarsa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna baƙin bangon. Maganarsa ba ta fita sosai, amma mun ji.

"Ku sa gadona a nan. Wurin Mama."

"Baba, mota na jira."

"Ta jira. Ni na iso."

Da can ina ɗauka darasin shi ne a kankare kafin a shafa, kuma gaskiya ne, kafaɗata ta shaida. Yanzu abin da ke damuna daban ne: a duk labarin ba wanda ya tambayi 'yar kurciya ko baƙin bango ya dame ta. Ni da Bulus ma mun yi ta faɗa kan ɗaki, ba wanda ya tambayi mai kwana a ciki.

Bangon na ɓata mini rai duk sanda na shiga kai wa Baba kunu. Kwanan baya na ce, "Baba, ka bar ni in ƙarasa mana, mutane na zuwa gaishe ka."

Ya kalle ni ya ce, "Ki bari sai na tafi."

Ban sake tayar da maganar ba.