Kayan fatsar da Baban Nana ya bar mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Baban Nana, kuma har yau in na buɗe ɗakin ajiya a gidanmu na Setapak, sandar fatsarsa ce ke fara faɗo mini a ka. Allah ya ji ƙansa. Amma ba zan ɓoye muku ba, a duk zamanmu ba abin da ya ƙona mini rai kamar kayan nan.

Ɗan masunta ne daga Yawuri. Karatu ya kawo mu Malesiya, aiki ya riƙe mu. Wata rana ya ga bidiyon wani kifi da ake kira halibot, faffaɗa kamar tabarma, idanunsa biyu duk a gefe guda, yana kwance a ƙasan teku mai sanyi, can wajen Nowe. Daga ranar hankalinsa ya tafi. Wai kakansa giwan ruwa ya kama, shi kuma sai wannan.

Sai kaya suka fara shigowa. Sanda gajeriya mai kauri. Injin naɗe zare mai nauyi kamar tukunya. Zare saƙaƙƙe, mai tsawon da zai kai ƙasan teku. Ƙugiyoyi lanƙwasassu kamar zobe, kowace ta kusa cika tafin hannu. Ga dunƙule-dunƙulen dalma masu nutsar da ƙoto, waɗanda ɗayansu ya taɓa faɗo mini a ɗan yatsan ƙafa, na kwana biyu ina ɗingishi. Na ce, "Baban Nana, ruwan ƙasar nan fa mai ɗumi ne, babu kifin nan a cikinsa." Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya."

Abin bai tsaya nan ba. Ran Asabar sai ya kwashe mu zuwa bakin tafkin Titiwangsa, ya tsaya kan ciyawa da sandarsa, ya miƙa mini bakin zaren ya ce, "Ke ce kifin, ja." Ni da hijabina ina ja da baya, masu motsa jiki suna wucewa suna kallonmu. A nan yake nanata mana dokar ƙugiyar: in kifi ya ɗauki ƙoto, ba a fizga. In ka fizga, ƙugiyar za ta zame daga bakinsa, ya tafi ke nan. Sai ka ƙyale shi ya juya da kansa. Mutumin da ba ya iya jiran tuwo ya huce, shi ke koya mini haƙuri.

Goran kam ya fafe, sai dai wata tafiyar ce ta zo. Ciwon zuciya ne, kuma a nan aka binne shi. Bai taɓa ganin tekun ba.

Da aka zo rabon gado, yayyensa suka ce ta waya a sayar da kayan. Na kinkime su zuwa wani kedai, wato shago, da ke sayar da kayan kamun kifi. Mai shagon ya juya ƙugiya ɗaya a hannu, ya tambaye ni wane dodo nake shirin kamawa. Ƙarshe aka bar wa Nana su. Don haushi na yanki zaren na ɗaura igiyar shanya a baranda. Rana da ruwan sama sun yi ta dukansa, bai tsinke ba. Har wannan ma yana ba ni haushi.

Bana Nana ta sami gurbin karatu, kuma duk faɗin duniya sai Nowe. Ta ce, "Mama, da kayan Baba zan tafi." Na ce ba ta isa ba. Na binne ɗaya a ƙasar mutane, ba zan miƙa ta biyun ga ruwan ƙanƙara ba. Ta ce, har da yaren Malesiya, "Haba Mama, boleh lah, ai zai yiwu, da masu jirgi ake fita." Na ce a'a. Ta daina cin abinci tare da ni.

Na yi ta tunanin abin da zai ce da yana nan. Dariya zai yi, na sani, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannan ya tuna mini ciyawar Titiwangsa. Na ga idon yarinyar nan, na gane in na fizga, tafiyar za ta yi, kuma ba za ta ƙara gaya mini inda take ba.

Jiya na fito mata da sandar, da injin, da ƙugiyoyin, da dalmar da ta fasa mini yatsa. Sharaɗina biyu: rigar ceto a jikinta, kuma ta kira ni kafin ta shiga jirgi da bayan ta fito.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne burin da bai cika ba, da 'ya mai taurin kai irin nasa. Ta ce in kwance mata igiyar shanyar ma. Wannan kam na hana. Ni ma na ja zaren nan, ina da rabo a ciki.

Allah ya kai haske kabarinka, Baban Nana. Ka ja mini, kana kwance ma ba ka bar ni na huta ba.