Sifirin da Na Ƙara wa Babur ɗin Ƙanƙara

Ni makanike ne, kuma babban aibina shi ne ba na iya mayar wa mutum kayansa yadda ya kawo. Sai na ƙara wani abu. Na taso da wannan hali tun a garejin da na koyi aiki a Kano. Maigidanmu kan ce idan ɗan acaɓa ya kawo gyaran birki, a ɗan taɓa masa inji ko bai tambaya ba, yadda mai tsire ke jefa maka yanka guda kafin ya naɗe takarda. Kuma ba a faɗa. Wanda ya faɗi alherinsa ya zubar da ladan.

A Dubai na samu aiki a garejin da ke gyaran ƙananan motocin da samari ke hawa tudun rairayi da su. Kulocinsu ba irin na mota ba ne. Faifai biyu ne da bel a tsakani, sai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, da ke riƙe su a buɗe. Idan inji ya ɗauki gudu, faifan ya rinjayi sifirin ya matse bel, abin ya tashi. Sifirin mai laushi yana bari ya kama da wuri, a hankali. Mai tauri kuwa sai inji ya yi ta kuka kafin ya kama, in ya kama ya fizge ka. Samarin rairayi fizgar suke so. Ni ma ita nake so, gaskiya, har na ɗauka duk wani mai rai ita yake so.

Muna zaune ɗaki ɗaya a unguwar International City da wani mutumin Jos, Kirista, mai sanyin hali. Yana aiki a wani wuri da ake yin dusar ƙanƙara a cikin gini, mutane su shiga su yi ta sulɓi su faɗi. Ya daɗe yana miƙa wa baƙi takalma da safa kafin a ɗaga shi zuwa tuƙa babur ɗin ƙanƙara. Babur ne mai bel a maimakon tayar baya, yana jan wani dogon gado, a ciki ake kwantar da wanda ya gurɗe ko ya karye a sauko da shi. Ya aika wa 'ya'yansa hotonsa a kai. Ina kiransa Sarkin Ƙanƙara, shi yana kirana Malam, duk da ya san karatuna bai yi nisa ba.

Da kulocin babur ɗin ya yi datti, shi ne ya gaya wa shugabansu, wani Bature mara yawan magana, cewa ya san garejin da za a wanke shi da kyau, tunda iri ɗaya ne da na motocin rairayi. Aka aiko shi a kwali. Na kwance, na goge, na danna sifirin da hannu na ji shi lagwai-lagwai. Sai tausayin abokina ya kama ni. Na ce a raina, mutumin kirki kamar wannan a bar shi da babur mai tashi kamar tsohon jaki? Na ɗauko mai tauri na saka. Tsohon kuwa na cusa shi ƙarƙashin ƙafar fankar gareji, don ta daɗe tana rawa. Ban gaya wa kowa ba. Na zauna ina jiran godiya.

Ranar da aka mayar da kulocin, abokina ya dawo gida ba walwala. Da na matsa masa, ya ce wata mata ce ta gurɗe a ƙafa, ya kwantar da ita a gadon, ya danna totur, babur ya yi kuka ya yi kuka, sannan ya zabura. Matar ta yi magana da wani yare da bai sani ba, amma ya ce ya gane duk abin da ta faɗa. Baturen ya ce laifin babban yatsansa ne, tunda da shi ake danna totur ɗin, kuma kuloci yanzu aka wanke shi.

Tun a jimlar farko na san abin da ya faru. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, ya riƙa dannawa shuwayya shuwayya, wato a hankali a Larabcin garin.

Ya kuwa karɓi shawarar. A bas sai in gan shi yana danna babban yatsa a gwiwarsa a hankali, yana sakewa. A ɗaki ya samu maƙalin shanya yana gwaji da shi. Ni ina kallo. Na gaya wa kaina cewa shirun nan don shi nake yi, don idan Baturen ya ji garejin da ya kawo ya canja kaya ba da izini ba, a kansa za ta ƙare. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Kunya ce ta riƙe ni, da kuma wani abu da ya fi kunya muni: har a lokacin ina ganin sifirina ya fi nasu.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci abokina ya same ni a gidan abincin 'yan Kano da ke unguwar Muraqqabat, inda muke cin tuwo. Yana cikin wanke hannu ya ce an gaya masa in aka sake kawo ƙararsa sau ɗaya, zai koma wajen takalma. Ya ce ba komai, takalma ma aiki ne, hoton da ya tura gida kawai yake tunani. Na tsame hannuna daga tuwon. Na gaya masa komai, har da fankar.

Bai daina ci ba. Sai da ya haɗiye lomar ya ce, "Malam, wa ya ce ka ƙara?"

Na ce babu.

"To ci tuwonka. Gobe ka zo da rigar sanyi."

Shi da kansa ya kai wa Baturen labari, ya samo mini izinin shiga da safe kafin a buɗe wa jama'a. A waje rana ta fara zafi, a ciki kuwa numfashina nake gani da ido. Na sa riga kan riga, tsohon sifirin da na zaro daga ƙarƙashin fanka yana aljihu. Na nufi babur da jakar sifana, abokina ya tare ni. Ya nuna gadon.

"Kwanta."

Na ce ai na yarda, ba sai an gwada ba.

"Malam, matar nan ma ba ta nema ba. Kwanta, yalla, yi sauri."

Na kwanta. Ya ɗaure ni da ɗamara a ƙirji da ƙafa. Abin ya yi kama da makara sosai, na yi salati a hankali. Na ji inji yana hawa, yana hawa, ba mu motsa ba. Ina kallon rufi ina jira, kuma jiran ya fi komai wuya. Da ya kama, ƙafafuna suka tafi, kaina ya biyo su daga baya, haƙorana suka haɗu da harshena. Ni da ba ni da karaya ko ɗaya. Ya tsaya, ya leƙo ya tambaye ni ko yatsansa ya yi daidai. Na ce ya yi.

Na kwance kulocin da yatsun da ba na ji, sifana tana ta suɓucewa cikin ƙanƙara. Na cire nawa na mayar da nasu. Ina haɗawa na lura tazarar da ke tsakanin bel da faifai ta ɗan yi faɗi, wanda shi ma yana sa kamu ya zo da bugu. Washa guda, ɗan siririn zoben ƙarfe, za a zare, shi ke nan. Hannuna har ya kai. Na janye shi, na kira Baturen, na nuna masa, na tambaya ko a taɓa. Ya duƙa ya duba ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya ce a taɓa.

Da na gama ban jira a ce mini ba, na koma na kwanta. Inji ya yi ƙara ƙasa-ƙasa. Ina shirin tambaya me ake jira, sai na ga fitilun rufi suna wucewa ta kaina. Muka zagayo muka tsaya gaban Baturen. Ya dubi abokina ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya juya ya tafi. Abokina ya ce daga bakinsa wannan doguwar huɗuba ce.

Har yau yana kan babur ɗinsa. Bai sake tayar da maganar ba, sai dai in na ce zan dafa mana shayi, yakan ce in kawo masa yadda yake, kada in ƙara komai. Fankar gareji ta koma rawarta. Na bar ta haka.