Bencin Da Na Bar Baba A Kai

Ƙanwata ta haihu a Amurka shekara uku bayan rasuwar mahaifiyarmu, babu babban da zai je ya ga jaririn ya sa masa albarka. Ita ce ta yi ta faɗi-tashi da takardu har aka ba mu biza, ni da Baba. Ni aikin ofis nake yi a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, sai da na yi ta roƙon kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, kafin ya ba ni hutun mako uku. Baba kuwa ya daɗe da ajiye aiki. Daga Sudan ya zo yana saurayi, ya yi dako a tashar nan, ya yi aikin sito, har gwiwoyinsa suka gaza. Ga kuma ciwon suga da ya kama shi daga baya. Tun da ya zauna a unguwar Nuzla a Jidda, in ka cire Makka da Madina, da wuya ya yi tafiyar da ta wuce unguwar Ruwais.

Gidan ƙanwata yana wani gari a ƙetaren ruwa, jirgin ƙasa ake shiga a tsallaka zuwa San Faransisko. Bayan suna mijinta ya koma aiki, ita kuma tana jego, don haka yawon ganin gari ya dawo kaina. Na zo da dogon jerin wurare a wayata, waɗanda na daɗe ina gani a hotuna: jar gadar nan mai tsawo, titi mai lanƙwashe-lanƙwashe, taragon da ke hawa tudu mutane na rataye a jikinsa, da tsohon kurkukun da ke kan tsibiri a tsakiyar ruwa. Na riga na faɗa wa abokan aikina duk zan je, zan turo musu hotuna.

Kwana biyu na farko ban ga ko rabin abin da na tsara ba. Garin duk tudu ne da gangare, Baba kuma ba ya taku ashirin bai tsaya ya dafa sandarsa ba. Kowace awa sai mun nemi ban-ɗaki. A cikin jirgin ƙasa yakan yi wa kowa sallama, ya ɗaga murya yana yi mini Hausa haɗe da Larabci, mutane su juyo su kalli dattijo cikin farin tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, da hula. Ni kuma in sunkuyar da kai kan waya kamar ba tare muke ba. Abin da ya fi burge shi a duk garin shi ne manyan injinan ɗaga kwantena da ake hangowa ta tagar jirgin, a tsaye jere a bakin ruwa.

"Kai, dubi can! Sun fi na Jidda tsawo. Ka kai ni in gani kusa."

"Bukra, Baba. Gobe in sha Allah."

A rana ta uku na tanadi tikiti biyu na zuwa tsibirin. Da safe rana ta fito sosai. Ƙanwata ta miƙo wata rigar sanyi ta mijinta ta ce Baba ya riƙe, garin nan ba shi da amana, yanzu rana anjima sanyi. Ni ne na ce ta bar ta, don na san a ƙarshe ni zan yi ɗawainiyar ɗaukarta.

Mun isa bakin ruwa wajen sha ɗaya da rabi. Muka fara tsayawa inda wasu dabbobin teku suke kwance kan katako, manya, masu ƙiba, suna ture juna suna haushi kamar karnuka. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce sak 'yan dako bayan sun ci shinkafar rana. Daga nan zuwa inda ake shiga jirgin ruwan tsibirin tafiya ce kaɗan, amma sai da muka huta sau uku. Ina duba agogo raina yana ɓaci.

A wurin shiga, matar da ke duba tikiti ta kalli sandar Baba, ta ce mini da Turanci akwai hawa mai tsayi a tsibirin, daga bakin ruwa zuwa ginin. Ta ƙara da cewa kada in damu, akwai wata 'yar mota da ke ɗaukar tsofaffi da marasa ƙarfi ta kai su har sama. Na ji ta sarai. Baba ya taɓa hannuna ya ce me take cewa.

"Ta ce tudu ne sosai, Baba. Kamar hawan bene goma. Ba za ka iya ba."

Ban faɗa masa zancen motar ba. Ya kalli jirgin, ya kalli ruwan.

"To halas, shi ke nan. Kai ka je, kada tafiyarka ta lalace saboda ni. Ga benci can, zan zauna in sha iska."

"Awa ɗaya ce kawai. Kada ka tashi daga nan, ka ji? In ka matsa ba zan gan ka ba."

"Ina zan je? Yalla, tafi."

A jikin tikitin an rubuta cewa yawon yana cin kusan awa uku, kuma na karanta. Na zaunar da shi, na ba shi gorar ruwa da dabino 'yan kaɗan a leda, na juya. Wayarsa ba ta aiki a ƙasar. Fasfonsa yana jakata, haka ma katin da ƙanwata ta rubuta adireshinta da lambarta don a sa masa a aljihu.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne na ji daɗi. Jirgin yana barin gaɓa na ji kamar an sauke mini buhu daga kafaɗa. Na hau saman jirgin da gudu, iska tana dukan fuskata, garin yana ja da baya da dogayen gine-ginensa. A tsibirin na ga 'yar motar da idona, da wata tsohuwa a ciki tana ɗaga wa jikokinta hannu. Na kawar da kai na hau tudun da ƙafa. Na sa abin saurare a kunne, na bi ɗakunan fursunoni ɗaya bayan ɗaya, na shiga wani ƙaramin ɗaki na roƙi wani bature ya ɗauke ni hoto ina riƙe da ƙarafan ƙofa.

Da na fito waje sai na ga hazo ya taso daga wajen jar gadar, fari fat, yana tafe a kan ruwa kamar hayaƙi. Cikin ɗan lokaci ya rufe garin, iska ta juya ta yi sanyi har cikin ƙashi. Na tuna Baba da siririn tob ɗinsa. Jirgin komawa yana tsaye a ƙasa ana shiga, da na yi sauri da na same shi. Amma akwai ɓangaren lambu da ban gani ba, sai na ce wa kaina na gaba ba zai daɗe ba. Na tsaya na ɗauki hoton hazon.

Ƙarfe huɗu ta wuce lokacin da na sauka a gaɓa. Bencin babu kowa, sai gorar ruwan a kwance a ƙarƙashinsa.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Na yi gudu zuwa wajen dabbobin nan, na dawo, na leƙa kowane shago, na shiga ban-ɗakin jama'a ina kiran "Baba! Baba!" mutane suna kaucewa. Na leƙa ruwan ta saman ƙarfen da aka tokare gaɓa da shi. Sau biyu na fito da waya zan kira ƙanwata, in mayar, don ban san da bakin da zan fara ba. Na hango ɗan sanda na nufe shi ke nan, sai na ji ana ƙwala kira da Larabci daga ƙetaren titi.

"Ya akhi! Kai ne ɗan dattijon Jidda?"

Wani Bayamane ne mai furfura a gemu, yana tsaye a ƙofar ƙaramin shagonsa na huluna da riguna masu sunan garin. Na tsallaka ban ko duba mota ba. Ya tare ni a ƙofa, ya riƙe hannuna kafin in shiga.

"Lafiyarsa ƙalau, yana ciki. Tsaya ka ji."

Ya ce ya fito shigar da kayansa saboda iska, sai ya hango dattijo da carbi a tsaye kusa da benci, ya yi taku goma ya dawo, ya sake yin taku goma ya dawo, jikinsa yana rawa. Ya je ya yi masa sallama. Baba ya ce ban-ɗaki yake nema, amma ba zai iya barin wurin ba, ɗansa ya ce kada ya matsa. Bayamanen ya rage murya.

"Kafin in iso fitsari ya riga ya kufce masa. Tob ɗin ya jiƙe, yana ta ƙoƙarin rufewa da hannu. Na kawo shi nan ya gyara jikinsa ya yi salla. Kada ka nuna masa na gaya maka."

Bai zage ni ba, bai tambaye ni inda na tsaya ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Baba yana zaune kan kujera a bayan kanta kusa da na'urar ɗumama ɗaki. An sa masa wando mai kauri ruwan toka da wata babbar riga mai hula a haɗe, da hoton jar gada a ƙirji. Kofin shayi a hannunsa, baƙar leda a ɗaure a gefen ƙafarsa. Ya ɗago ya yi murmushi.

"A'a, sun sake ka? Na ce ko sun ga ka dace da wurin sun riƙe ka."

Na durƙusa a gabansa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, jirgin ne ya yi latti."

"Haka jirage suke, ai na san su. Tashi, ɗana, ka gode wa wannan bawan Allah."

A hanyar komawa ya ɗora ledar a cinyarsa, na miƙa hannu zan karɓa ya ce in bari. Da muka shiga gida ƙanwata ta ga shigarsa ta fashe da dariya, ta ce Baba ya zama Ba'amurke. Ya ce ai yayanta ne ya ga sanyi ya saya masa. Ta tambaye shi yaya tsibirin, ya ce ruwa ne da duwatsu, sai tsuntsaye. Daga nan ya shige ban-ɗaki ya kulle, na ji ƙarar famfo ta daɗe. Da hannunsa ya wanke tob ɗin ya shanya.

Washegari ya tashi da zazzaɓi da tari. Mijin ƙanwata ya kai shi wajen likita, aka ce sanyi ne ya shiga ƙirjinsa. Sauran kwanakin a kwance ya yi su, jaririn a gefensa. Ni kuma ban sake fita ba, duk da ƙanwata tana ta cewa, "Yaya, ka je ka ƙarasa yawonka mana, ai ina nan." Injinan kwantenan da ya so gani, ta tagar mota ya sake hango su ranar da za a kai mu filin jirgi.

Bayan mun dawo Jidda ya warke a hankali. Da la'asar yakan zauna da tsofaffin abokansa a ƙofar shagon unguwa yana ba su labarin Amurka, dabbobin da ke haushi, titunan da ke miƙewa sama kamar tsani, da Bayamanen da ya ba shi shayi mai citta. Ni ban tura wa kowa hotunan tsibirin ba. Abokan aiki da suka tambaya na ce musu hazo ne ya ɓata su.

Sai bayan wata huɗu na iya buɗe baki. Wata safiya ce ina kai shi asibiti awon suga, mun tsaya a cunkoso. Ina kallon motar gabana na ce masa jirgin bai yi latti ba, ni ne na bar shi ya tafi. Na ce kuma matar nan ta faɗa mini akwai motar da ke ɗaukar tsofaffi, ni ne ban fassara masa ba.

Na ɗauka zai ce ya sani tun tuni. Ashe bai sani ba. Ya juyo gaba ɗaya ya kalle ni.

"Akwai mota?"

"Akwai, Baba."

"Ashe da na je."

Ya mayar da fuskarsa ga taga. Muka wuce shataletale biyu, carbinsa a hannu amma ba ya ja. Sai da na tsayar da mota a ƙofar asibitin ya yi magana.

"Na yafe maka. Amma kada ka gaya wa ƙanwarka, za ta riƙe ka a zuciya, kuma ku biyu kaɗai kuka rage wa juna."

Ban gaya mata ba har yau. Ya dafa kafaɗata muka hau matakala kamar kullum, bai canza mini fuska ba, ko a ranar ko bayanta. Sai dai tun daga lokacin, duk inda na kai shi, ko asibiti ko ofishin sabunta iƙama, takardar izinin zama, kafin ya zauna sai ya sa na nuna masa ƙofar ban-ɗaki da hannu. In na ce zan je in karɓo magani in dawo, sai ya ce minti nawa. In na ce goma, ya ce to, ya ɗaga hannun rigarsa ya duba agogo.