Ɗumamen Iya

Ni ba a gindin murhun tuwo na ji tatsuniya ba, a bakin wutar banda na ji ta. Kakata Iya Hajara bandar kifi take yi a Tiga, kuma duk wanda ya san banda ya san ba ta son gaggawa. Hayaƙi ake nema, ba harshen wuta ba. Masunta su kawo tarwaɗa da la'asar, a gyara ta, a lanƙwasa, a jera a kan raga, sannan a zauna ana juyawa har bayan isha'i. Wannan zaman shi ya haifi hirar Iya. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, idanunmu na hawayen hayaƙi, kowa na addu'ar kifi ya karye, don wanda ya karye ba ya shiga kwandon kasuwa, rabonmu ne. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara.

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta yarinya mai gora. Wai wata yarinya ta je itace, ta tsinci wani ɗan mitsitsin dodo, bai fi buzuzu ba, rana ta kusa gama da shi. Ya faɗa mata sunansa, ya ce duk dodon da ka san sunansa zai shiga gorarka ya yi maka aiki, kuma ba zai fita ba sai ka kira shi da sunan. Ta jefa shi ciki. Daga nan ta shiga tarawa. Ta kama dodon ruwa ya riƙa ɗebo mata, ta kama dodon ƙaya ya yi mata shinge, ta kama dodon wuta. Kullum sabo take nema, kullum sabon take kira. Har gora ta yi nauyi ta manne mata a baya, ba ta iya ruku'u, ba ta iya kwanciya. Sai ta shiga sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, ta kira suna, mai shi ya fice. Ya rage na farkon nan, ɗan ƙaramin. Ta buɗe baki, suna ya ɓace.

A nan Iya take tsayawa. Ta juya kifi, ta hura hanci, ta dube mu ta ce, "To, wa ya riƙe mata?"

Sunan dogo ne, rabinsa Fulatanci, a wurin mahaifiyarta ta gaje shi, kuma a farkon labari kawai take faɗinsa, ƙasa-ƙasa, daidai lokacin da hankalinmu ke kan raga. Idan muka haɗa baki muka faɗe shi, gora ta sauka, yarinya ta miƙe. Idan muka kasa, Iya ba ta da tausayi, sai ta yi ƙurunƙus ta bar ta da kaya a baya, mu kwana da abin a rai. Saboda haka ba ma gajiya da maimaici. Wanda ya fi jin tatsuniyar shi ke ceton yarinya, ni kuwa muryata ta fi ta kowa.

Can ƙarshen shekarun casa'in sai ga wasu dodannin sun iso. Baffana yana aiki a ma'aikatar ruwa, yana zaune a kwatas, 'yarsa Habiba sa'ata ce. Ita tana firamare, ni ina tallan kifi. Yayanta da ke karatu a ƙasar waje ya aiko mata da wani ɗan akwatin wasa da ake ce wa gem, bai fi tafin hannu ba, ana zura masa kaset ta baya, yana cin batir kamar akuya da dusa. A cikinsa wani ɗan mutum ke yawo cikin ciyawa, ya ci karo da dodo, ya yi faɗa da shi, ya kama shi ya adana, ya yi ta kiwonsa har ya rikiɗa ya zama babba. Gilashin ba shi da hasken kansa, sai an kusanta shi da fitila. To fitilar da ke kusa ta Iya ce, wadda take duba kifi da ita.

Haka yara suka ci gaba da zuwa, amma kawunansu na kan cinyar Habiba. Na ga ranar da Iya ta ce ga ta nan ga ta nanku, aka yi shiru, sai ƙarar akwati. Ta sake faɗa. Ni na amsa, ni kaɗai. Gaskiya ba don na fi su hankali ba ne. Rubutun gem ɗin da Turanci yake, ni ko baƙin Hausa ban sani ba a lokacin, in aka ba ni sai in yi ta danne-danne har dodona ya suma. Wanda aka hana rawa ai shi ke cewa kiɗan bai yi daɗi ba.

Da aka kwana biyu sai yayan ya sake aiko da kashi na biyu, da sabon akwati mai launi. Nan fa gardama ta tashi, har ta fi wasan kansa zafi. Habiba ta ce wannan ya shafe na farko: ga sababbin dodanni, ga dare ga rana a ciki, dodo har ƙwai yake yi. Ta ce yayanta ya gaya mata masu sharhi a mujallun can yawancinsu sun fifita shi. Wasu yaran suka ce ƙarya ne, dodannin farko sun fi kyan gani, waɗannan kamar an haɗa su da ragowar tsumma. Ni kuma na tsaya a kan cewa duk ɗaya ne: ka bar gida, ka shiga ciyawa, ka kama, ka yi faɗa, ka sake kamawa. Muka yi ta yi har Iya ta gaji da hayaniya a kanta, ta ce a kawo ta gani.

Habiba ta durƙusa ta nuna mata, tana bayani baki na rawa. Iya ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta kai shi kusa da ido. Ta tambaya ko ɗan mutumin nan yana sanin sunan duk abin da ya kama. Aka ce har sabon suna yake raɗa musu. Ta gyaɗa kai. Ta tambaya ko labarin daban ne da na farko. Habiba ta ce a'a, kusan shi ne, an dai ƙara abubuwa.

Iya ta miƙa mata, ta ce, "Au, ashe ɗumame ne."

Dariya ta ɓarke. Ɗumame, tuwon jiya da aka mayar kan wuta, abincin da ba a kai wa baƙo. A kunnenmu babu zagin da ya kai shi. Habiba ta tashi, fuska a murtuke, ta ce ai tatsuniyar Iya ma kullum abu ɗaya ce, ita ce uwar ɗumame. Iya ta ce, "Ƙwarai kuwa, 'yar boko," ta koma kan kifinta tana murmushi. Mu muka ɗauka ta ƙara mata wani zagin ne.

Washegari Habiba ba ta zo ba. Ta gano cewa a kwatas akwai lantarki, ba ta buƙatar fitilar kowa. Yaran da suka yi mata dariya su ne suka fara bin ta can. Wutar banda ta koma daga ni sai Iya. Ta yi mini tatsuniyar mai gora wasu lokuta, amma in ta ce wa ya riƙe mata, muryata ita kaɗai sai ta fito kamar ta mai talla a unguwar da ba kowa. Wata rana ta ce tatsuniya ba ta ƙoshi da kunne biyu. Daga nan hirarmu ta koma ta farashin itace.

Shekaru suka wuce. Ina da goyo lokacin da ciwon ajali ya kwantar da ita, na dawo daga Bebeji na yi jinyarta. Ta ƙi sabon tuwo ƙememe. Sai na safe, wanda ya kwana, a yayyanka shi cikin miyar kuka a ɗora a wuta, a zuba man shanu. Na ce mata, Iya, ga mai zafi yanzu aka tuƙa. Ta ce sabon tuwo baƙo ne, shi da miya ba su san juna ba tukuna, sai sun kwana tare. Na ce, to abin wasan Habiba da kika kira ɗumame fa?

"Yabo na yi, Takwara. Mutum ya yi abu, ya ga an so, ya mayar kan wuta ya ƙara mai, ai ya san aiki. Ku ne ba ku tambaya ba."

Ashe duk tsawon shekarun nan ita kaɗai ce a cikinmu ta goyi bayan Habiba. Ashe da ta ce ƙwarai kuwa, daɗi ta ji, an jera tatsuniyarta da abin da jikarta ke so. Tun muna yara muna ganinta da kwanon ɗumame kowace safiya, muka ɗauka haƙurin tsufa ne, bar wa yara mai kyau.

Na matsa kusa na ce ta tuna mini sunan ɗan dodon nan, don na neme shi a kaina na rasa, ni da nake ƙwala shi har maƙwabta su ji. Ta rufe ido, leɓɓanta suka yi ta motsi. Can ta buɗe ta ce, "An daɗe ba a kira shi ba."

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna ya faɗa, tatsuniyar nan na fara son rubutawa. Na tambayi Habiba sunan, yanzu malamar asibiti ce. Ta lissafa mini dodannin akwatinta rututu, na farko da na biyu, tana dariya, amma na Iya ko gaɓa ɗaya ba ta riƙe ba. Da na gaya mata abin da Iya take nufi da ɗumame, sai ta ce in maimaita mata.

Ban ga laifin akwatin ba. 'Ya'yana suna buga jikokinsa a waya, in na ji suna musu ko sabo ya fi tsoho sai in ce su tambayi juna me suke nufi kafin wani ya tashi da fushi. Abin da na gane shi ne, ba sabon abu ke kashe tsoho ba, rashin kira ne. Ina yi musu tatsuniyar mai gora. In na zo farko, wurin da ɗan dodo zai faɗi sunansa, sai in yi tari in wuce. In na zo ƙarshe in ce wa ya riƙe mata, su dube ni, in dube su. Yarinyar tana nan inda muka bar ta, da gora a baya.