Wutar Teku a Gorar Habboba

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma daga ƙauyenmu har garin Hajj Abdalla babu wadda ta fi ni bakin tatsuniya. Wajen kakata na gada, wadda muke kira Habboba, kamar yadda ake kiran kowace kaka a nan. In an gama cirar auduga, bayan magariba sai mu hura wuta da karan, ta zauna bakin angarib, gadon nan na igiya, tana gasa mana gyaɗa.

Labari guda ne ba ta buɗe shi da "ga ta nan, ga ta nanku". Takan ce, "Wanga ba tatsuniya ba ne, da idona na gani."

A hanyar dawowa daga Makka, cikin jirgin ruwa, ta ga teku na ci da wuta shuɗiya. Ta sa aka ɗebo mata a guga, ta tsoma hannu. Hannun ya haska, bai ƙone ba. Sai ta shanye zamzam ɗin gora ɗaya, ta cika ta da ruwan don mutanen gida su gani.

Da ta iso, mata suka taru karɓar tsaraba. Ta rufe ɗaki, ta girgiza gora, ta zuba a ƙwarya. Duhu. Wata ta zaci zamzam ne, ta kurɓa, ta tofar: "Hajiya, ruwan gishiri kika kawo muna, mai wari?" Har ta rasu ana ce mata Mai-wuta-a-gora.

Ni ma da na girma, don kada a yi mini dariya, na mayar da shi tatsuniya, har aljanin teku na ƙara.

Bara jikata Safiya, mai karatu a jami'a a garin Madani, ta ji ina ba yara labarin. Ta ce, "Wallahi ya Habboba, gaskiya ne. Wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani, kowacce da 'yan bulala biyu a jikinta, tana juyi kamar mazari. Da hasken rana suke haɗa abincinsu, kamar ganye. In an motsa ruwa sai su yi walƙiya."

"To me ya kashe wutar?"

"Kwana nawa suka yi a gora?"

"Wata biyu."

"Ai ba rana a ciki."

Ashe yunwa ce ta kashe su. Matan da suka yi mata dariya duk sun kwanta dama, babu wadda zan je in tsaya a ƙofarta in wanke kakata. Cikin masu laifin ni kaɗai na rage.

Tun ranar na cire aljanin. In na zo kan labarin nan, da sunan kakata nake buɗe shi, kuma duk wanda ya ce "ƙurunƙus" a ƙarshe ba ya samun gyaɗa.